Gashin ciwon baya ta bidiyo kol

'Yar uwa kin tambaya ko za a iya yi wa Hajiyarku gashin ciwon baya ta bidiyo kol tunda asibiti yayi nisa. Eh ana yi, lokacin kullen korona a 2020 haka masu fisiyo, wato likitocin gashi, da yawa suka koma yi, dama yawancin aikin motsa jiki ne ba tausa ba, likita ya nuna ita ta kwaikwaya. Ki jingina wayar kan turmi yadda zai ganta gaba ɗaya, a shimfiɗa tabarma wani ya tsaya kusa kar ta faɗi. Sabis ne dai matsala a ƙauyukanmu na Jigawa, ga kuɗin data. Amma in ƙafa ta fara mutuwa ko fitsari na kufce mata ku ajiye waya sai asibiti ranar.