Amsa ga mai tambayar dokar kare kudin tsofaffin sojoji

Dan uwa ka tambaya me ya sa sai an yi doka ta musamman don kare kudi da ma'aikatan ofishin tsofaffin sojoji, wai ai kasafin kudi ya isa. Wallahi bai isa ba, kasafi kowace shekara canza shi ake, in aljihun gwamnati ya yi zafi wanda ba shi da murya shi ake fara yankewa.

Dubi Amurka, tun 2009 suka yi doka ana ware kudin asibitocin VA, wato ma'aikatar tsofaffin sojojinsu, shekara daya kafin lokaci, ko majalisa ta yi rigima gwamnati ta tsaya cak, likita na nan yana duba marasa lafiya. Amma ka ga kudi kadai ba ya aiki, in an sallami ma'aikata wa zai bude fayil din?

Nan Ghana muna da dokar Act 844 ta 2012, ita ta kafa VAG, wato hukumar kula da tsofaffin sojojinmu. Kuma kar mu manta 28 ga Fabrairu 1948, hakkinsu tsofaffin sojoji suka fita nema aka harbe Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey a hanyar Osu da ke Accra.

Ni kawuna a unguwar Nima ta Accra tsohon soja ne, da idona na ga yana daure takardunsa cikin leda da roba, ya hau trotro, wato motar haya, da asuba da ciwon gwiwa, ya wuni kan benci a ce masa mai sa hannu mutum daya ne kuma bai zo ba, ya dawo gobe.