Tambayoyinku Kan Fasaha: Bin Sawun Waya, Keke da Kaya Idan Sun Ɓace a Legas

Saƙonnin da suka taru mini a wannan makon, mafi yawansu daga 'yan'uwanmu mazauna Legas suka fito, kuma kusan duk magana ɗaya ce: an sace, ko ana tsoron a sace. Na zaɓi guda biyar waɗanda nake ganin amsarsu za ta amfani kowa.

Daga wani mai shagon tireda a Agege: Malam, an fizge mini waya a Oshodi ina ƙoƙarin shiga danfo. Kafin in wayi gari an kwashe kuɗin da ke asusuna. Yanzu wani ya ce in ba shi kuɗi ya nemo mini wayar ta lambar IMEI. In ba shi?

Allah Ya mayar maka da alheri, ɗan'uwa. Kada ka ba shi ko sisi. Lambar IMEI lamba ce mai alƙaluma 15 da kowace waya ke da ita, mai layi biyu ma guda biyu gare ta, kuma ana ganinta in an danna *#06#. Gaskiya ne duk sanda aka sa layi a waya, kamfanin sadarwa yana ganin lambar tare da layin da aka saka. To amma kamfanin ne ke gani, kuma jami'an tsaro yake ba wa bayanin in sun nema a hukumance. Mutumin da ya tare ka a Facebook ko WhatsApp yana cewa yana da manhajar da ke nuna inda waya take ta IMEI, yawanci ɓarawo na biyu ne da ya biyo sawun na farko. Ka kai rahoto ofishin 'yan sanda da lambar, tana jikin kwalin wayar in kana da shi.

Abin da ya fi damuna a saƙonka shi ne kuɗin. Mutane da yawa suna zaton kulle fuskar waya ya wadatar. Ɓarawon yau sau da yawa ba wayar ce gabansa ba, layin yake so. Zai zare sim ɗin ya sa a ƙaramar waya mai madannai, daga nan duk saƙon banki da lambobin tabbatarwa wurinsa za su riƙa zuwa. Da layinka a hannunsa yana iya kiran lambar da ke nuna BVN ɗinka, ya gano bankinka daga saƙonnin da ke shigowa, ya shiga lalube. In kuma lambar sirrinka shekarar haihuwarka ce, ko ka rubuta ta cikin sunayen da ke kan sim, ka gama masa aiki.

Maganin wannan kyauta ne, kuma bai kai minti biyu ba: ka sa wa sim ɗin kansa lambar sirri. Yana cikin saitin tsaro na waya, wurin kulle sim. In ka sa, duk wanda ya cire layin ya kai wata waya sai ta tambaye shi lambar, in ya yi kuskure sau uku layin ya kulle. Hattara dai, kai ma kada ka yi ta cinke. Ka tambayi kamfanin layinka lambar asali, ka kuma adana katin da sim ya zo a jikinsa, domin lambar PUK da ake buɗe layi da ita tana wurin, ita kuma in aka yi kuskurenta sau goma layin ya mutu ke nan. Sannan ka tambayi bankinka lambar da ake dannawa daga kowace waya a rufe asusu, ka rubuta ta a takarda ka sa a aljihu, ba cikin wayar ba.

Ga sabuwar wayar da za ka saya, in Android ce, ka tabbata ka san adireshin Gmail ɗinka da kalmar sirrinsa da ka. Nan ne muke faɗuwa: yaron shagon caji ne ya buɗe mana, shi ya san kalmar, mu ba mu sani ba. Da su ake shiga manhajar Google ta neman waya, wadda aka sani da Find My Device, aka sauya mata suna zuwa Find Hub a 2025. Da ita za ka ga wayar a taswira, ka sa ta yi ƙara, ka kulle ta, ko ka goge komai daga nesa. Tun ƙarshen 2024 kuma Google ya ƙaro wani tsari, Theft Detection Lock, a wayoyi masu Android 10 zuwa sama, wanda in wayar ta ji an fizge ta an ruga da gudu sai ta kulle kanta. Ba ya zuwa a kunne a yawancin wayoyi, sai ka shiga saitin Google ka kunna, kuma wasu ƙananan wayoyi ba su da shi.

Daga wani dillalin albasa a Mile 12: Ina ɗauko kaya daga Aliero a Kebbi. Ɗana ya ce in sayi AirTag in cusa cikin buhu, zan riƙa ganin inda mota take. Zai yi?

Alhaji, zai yi rabin aiki, kuma rabin da ba zai yi ba shi ne wanda ka fi buƙata. AirTag, wanda Apple ya fitar a 2021, ɗan ƙaramin abu ne kamar maɓallin babbar riga. Ba shi da GPS, ba shi da layi. Abin da yake yi shi ne ya riƙa fitar da sigina ta Bluetooth, duk iPhone ɗin da ta gifta kusa sai ta ji shi ta aika wa mai shi wurin a asirce. Ma'ana, idanunsa wayoyin mutane ne. A Ikoyi ko Lekki ko filin jirgin Murtala Muhammed, inda iPhone ke hannun mutane da yawa, yana aiki kamar tsafi. Amma a dajin da ke tsakanin Kontagora da Mokwa da ƙarfe biyun dare, iPhone nawa za ta wuce kusa da tirelar albasa? Sai ka ga taswira ta tsaya cak a wurin da aka gan shi tun jiya, hankalinka ya tashi a banza, ko ya kwanta a banza.

Sannan sai kana da iPhone ko iPad za ka iya saita shi. Akwai ire-irensa da ke aiki da Android, da na Samsung mai suna SmartTag, duk dai tsarin ɗaya ne, jingina da wayoyin da ke kusa. Inda na ga amfaninsu sosai shi ne makulli, jakar tafiya Umara, ko jakar takardu. Batirinsa irin na agogo ne, CR2032, yana kai wajen shekara. Don kaya a kan doguwar hanya kuwa, tiraka, wato na'urar bin sawu mai layi, kake buƙata, irin wadda zan yi bayani yanzu, kuma akwai masu batir da maganaɗisu da ba sai an jona su da mota ba. Ka sanar da direba ka sa. Kayanka kake tsarewa, ba tarko ka ɗana masa ba.

Daga wani mai keke mai ƙafa uku guda huɗu a Alaba Rago: Ina ba yara suna kawo mini balas. An taɓa guduwa da guda. Na sa tiraka a sauran, amma wata shida ke nan ɗaya ta daina nunawa. Mai sakawa ya cuce ni ne?

Mai yiwuwa bai cuce ka ba, bai dai yi maka cikakken bayani ba. Tiraka aiki biyu take yi. Na farko tana sauraron taurarin ɗan'adam na GPS, waɗanda ke shawagi sama da kilomita dubu 20 daga ƙasa, in ta ji aƙalla huɗu sai ta lissafa inda take. Wannan kyauta ne. Na biyu, dole ta aiko maka da labarin, kuma ta layin waya take aikowa, domin akwai sim a cikinta kamar na wayarka. In data ta ƙare, ko an daɗe ba a sa wa layin kuɗi ba har kamfani ya rufe shi, tirakar tana nan da ranta, ta san inda take, amma bakinta a ɗaure. A 2024 ma an rufe layukan da ba a haɗa da NIN ba, kuma na tabbata akwai tirakoki da yawa da suka yi shiru tun lokacin masu su ba su lura ba.

Saboda haka ka koma wurin wanda ya saka ka yi masa tambayoyi uku. Lambar layin da ke ciki mece ce, kuma da sunan wa aka yi rajistarsa? Ya kamata ya zama da sunanka. Wa ke biyan kuɗin data da na manhaja, kuma yaushe yake ƙarewa? Sannan kalmar sirrin shiga manhajar, an sauya ta ko tana nan yadda ta zo daga kamfani? Wannan ta ukun ba ƙaramar magana ba ce. Yawancin tirakoki masu araha suna zuwa da lamba mai sauƙi irin 123456, kuma in ba a sauya ba, wanda ya san lambar na'urar zai iya ganin inda kekenka ke kwana.

Ka nemi mai ɗan batir a cikinta, wadda in an cire batirin keke za ta turo maka saƙo nan take. Kada a ɗaura ta inda kowane bakanike ya san ana sawa. Masu manyan motoci wasunsu biyu suke sawa, ɗaya inda ɓarawo zai gani ya cire ya saki jiki, ɗaya can ciki. Akwai kuma tsarin kashe inji daga nesa, yana da amfani, amma ina roƙonka da Allah kada ka taɓa kashe wa abin hawa inji yana cikin gudu. Ka duba taswira ka ga ya tsaya tukuna. Keke ya mutu a tsakiyar titin Badagry ga tirela a baya, ai asarar ta wuce ta keke. Kuma ka mayar da shi al'ada, duk Juma'a bayan masallaci ka buɗe manhajar ka ga huɗun suna motsi.

Daga wata baiwar Allah a Idi-Araba: Wayata ta nuna mini saƙo cewa wata na'urar bin sawu da ba tawa ba tana tafiya tare da ni. Damfara ce?

Hajiya, kada ki yi wasa da shi. Tun 2024 Apple da Google suka haɗa kai kan cewa waya ta riƙa gargaɗin mai ita in irin waɗannan 'yan na'urori na bin ta ba tare da mai su yana kusa ba. In sanarwar daga cikin wayar ta fito, ba saƙon tes mai cewa ki danna wani adireshi ba, to ta gaske ce. Ki taɓa ta, za ta ba ki damar sa na'urar ta yi ƙara. Ki duba jaka, aljihunan mota, ƙarƙashin kujera. Wani lokaci ba komai ba ne, makullin maigida ne ko jakar wata da kuka yi tafiya tare. In kin same ta kuma ba ki san mai ita ba, ki ɗauki hotonta, ki cire batirin a wuri mai jama'a, kada ki wuce gida da ita tana aiki, ki kai wa 'yan sanda. Su kuma maza masu tambayata yadda za su sa wa matansu a ɓoye, ba zan koya muku ba.

Daga wani ɗan canji a Obalende: Taswira ta nuna wayata a wani gida. Abokaina sun ce mu je mu karɓo.

Kada ku je, Malam. Ɗigon da kake gani a taswira kewaye yake nunawa, kuma a cikin gini GPS yana rauni, kuskuren na iya kai mita gommai. A unguwar da gida ɗaya ke da ɗakuna ashirin na haya, ƙofar wa za ku buga? Kuna iya tsare bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba, ko wanda ya sayi wayar a hannun wani, kuma ka san yadda kalmar "ɓarawo" ke tara jama'a a garin nan cikin ƙiftawar ido. In kuma ɓarayin ne na gaske, ba su zauna hannu rabbana ba.

Ka ɗauki hoton taswirar da lokacin da ta nuna. Ka sa wayar a yanayin ɓata, ka rubuta lambar wani ɗan'uwa a fuskarta. Kada ka cire ta daga asusunka na Google ko na Apple, domin wannan makullin ne ke hana a goge ta a sayar a matsayin tsaftatacciya, kuma masu iPhone su sani ɓarayi kan turo saƙon ƙarya wai an ga wayar, a shiga wani adireshi a sa kalmar sirri. Ka haɗa hoton da kwali da rasit da lambar IMEI ka kai ofishin 'yan sanda mafi kusa da inda taswirar ta nuna, ka tafi da dattijo ɗaya daga cikin shugabannin ƙungiyarku. In abin gaggawa ne, lambobin Legas su ne 112 da 767, kuma kiran kyauta ne.