Saka Sabon Abu a Tsakiyar std::list

Ka tambayi yadda ake saka abu a tsakiyar std::list na C++, wato jerin abubuwa da ke haɗe kamar sarƙa, tunda ba ya karɓar lambar gurbi kamar vector (jerin da ake isa ga kowane abu a cikinsa da lambarsa). Kowane ƙulli (ma'ajin abu ɗaya a jerin) adireshin maƙwabtansa biyu kawai ya sani, don haka sai ka taka daga begin(), wato farkon jerin, kana matsar da manuni (iterator) gaba da std::next har gurbin, sannan ka kira insert, wanda ke ajiye abin kafin inda manuninka yake. Sakawar ba ta cin lokaci, tattakin ne ke ci. Ka kiyaye sosai kada ka zarce end(), wato ƙarshen jerin, domin manhajar na iya rushewa ba gargaɗi. Idan sassan manhajar da yawa (threads) ke taɓa jerin lokaci guda, ka nemi ƙwararre ya duba maka.