Cikin tagwaye a watannin ƙarshe: amsoshin likita

Tambaya: Likita, cikin tagwaye gare ni, mako 32. Ƙafafuna sun kumbura, kwana biyun nan kaina na sarawa, ina ganin dishi-dishi. Nauyin ciki ne?

Amsa: 'Yar'uwa, ki tafi asibiti yau, kar ki jira ranar awo. Kumburin ƙafa shi kaɗai ba ya tayar mana da hankali, kusan duk mai tsohon ciki tana yi. Amma in ya haɗu da ciwon kai da ganin dishi-dishi, ko kumburin fuska da hannu, ko ciwo a ƙasan haƙarƙarin dama, abin da muke gudu shi ne hawan jinin ciki, wanda ke kaiwa ga jijjiga. Haɗarinsa ga mai tagwaye ya ninka na mai ɗa ɗaya sau biyu zuwa uku, kuma yakan zo mata da wuri. Za a auna jininki, a duba fitsari. In ya kai 140 bisa 90 za a sa miki ido sosai, in ya tsananta a ba ki maganin saukar da shi da allurar magnesium sulfate mai hana jijjiga. Wani lokaci babu mafita sai a ciro yaran kafin lokacinsu. Abin da ke damuna shi ne yadda mata ke shan maganin ciwon kai su kwanta, alhali jinin yana can yana hawa.

Tambaya: Matata 'yan uku take ɗauke da su, an ce ba za ta kai wata tara ba. Gaskiya ne?

Amsa: Gaskiya ne, Malam. Fiye da rabin tagwaye ma kafin mako 37 ake haihuwarsu, 'yan uku kuwa galibi wajen mako 32 zuwa 33. Ku nemi asibitin da ke da kwalbar bakwaini tun yanzu. In mararta ta fara ɗaurewa tana saki a kai a kai, ko faya ta fashe, ko ta ga jini, ku kama hanya ko da tsakar dare ne. Akwai allurar da ake yi wa uwa tsakanin mako 24 da 34 don huhun yaran ya yi ƙwari, kuma ta fi amfani in an samu yini ɗaya kafin haihuwa. Kwanciya wuni guda a gado ba ta hana naƙuda zuwa, sai ma ta jawo daskarewar jini a ƙafa.

Tambaya: An ce tagwayena mabiyiya ɗaya gare su, wai in riƙa yin sikanin duk mako biyu. Bai yi yawa ba?

Amsa: Bai yi ba, Malama. Jijiyoyin jininsu a haɗe suke, kuma a cikin kashi 10 zuwa 15 bisa ɗari na irin wannan ciki jini kan rinjaya wajen ɗaya, ɗayan ya tsumbure. Sikanin ne ke gano shi da wuri. In cikinki ya ƙara girma farat ɗaya, ko motsinsu ya ragu, kar ki jira mako biyun. Irin naki a mako 36 ake shirya haihuwarsu, masu mabiyiya biyu kuma a mako 37.

Tambaya: Dole sai an yi mini aiki?

Amsa: Ba dole ba ne. In na farko ya zo da kai, kuma babu wata matsala, za ki iya haihuwa da kanki. In ya zo da ɗuwawu ko a gicciye, ko kuma jakar ruwansu ɗaya ce, aiki ya fi. Amma ko ya ake ciki, a asibiti za ki haihu. Na biyu yakan juya bayan fitowar ɗan'uwansa, sannan mahaifar da ta buɗe sosai ba ta saurin tsukewa, sai jini ya ɓalle. Shi ya sa ake sa miki allurar ƙarin ruwa tun farkon naƙuda, a tanadi jini. Ki ci gaba da shan maganin ƙarin jinin da aka ba ki wajen awo har ranar haihuwa.