Yankari a hutun damina: yara za su ga giwa da zaki kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce mai 'ya'ya huɗu a Kano. Ni da maigida mun yi wa yaran alkawarin kai su Yankari a dogon hutun makaranta na watan Agusta. Babban burinsu su ga zaki da giwa da raƙumin dawa. Ana ganinsu kuwa? Sannan yaya zaman masaukin yake daga safe zuwa dare, kuma kwana ɗaya ya ishe mu?

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya zuri'a. In da hali, ku ɗage tafiyar nan zuwa rani. Agusta tsakiyar marka ce, kuma babu lokacin da ganin namun daji ya fi wuya a Yankari kamar sa.

Ga dalili. Gandun nan da ke ƙaramar hukumar Alkaleri a Jihar Bauchi ya kai murabba'in kilomita 2,244, kuma ba a tsare dabbobinsa a keji. Da damina ruwa yana kwance a kowane tafki da kwari, saboda haka dabba ba ta da dalilin fitowa inda mota ke bi. Ciyawa kuma takan shanye tsayin mutum, har ɓauna ta tsaya taku goma daga hanya a wuce ta ba a sani ba. Da rani kuwa ruwan ko'ina yakan ƙafe, ya rage Kogin Gaji wanda ba ya yankewa, sai ƙishirwa ta koro komai zuwa bakinsa. Giwa guda tana shan ruwa fiye da lita 100 a yini, ba ta iya yin nisa da kogi. Daga Janairu zuwa Afrilu ne lokacin, kuma ni na fi son Maris da Afrilu duk da zafinsu, domin a lokacin ganye ya kaɗe, ido yana cin nisa. Hutun Disamba ma ba laifi, iska da daɗi, sai dai cunkoson baƙi.

Raƙumin dawa dai babu shi a Yankari, ki faɗa wa yaran tun a gida kada ransu ya ɓaci a can. Irin na Afirka ta Yamma da suka rage suna Jamhuriyar Nijar ne, mafi yawansu a yankin Kouré, gabas da Yamai.

Zaki akwai shi, amma 'yan ƙalilan ne. Yankari na cikin wurare na ƙarshe da zaki ya rage a Nijeriya, kuma dabba ce da ke kwashe mafi yawan yini tana kwance a inuwa, sai dare ya yi ta fita farauta. Mutum zai iya zuwa sau da dama bai sa shi a ido ba. Abin da aka fi samu shi ne sawunsa a kan rairayin hanya da sassafe, ko gurnaninsa cikin dare, wanda ake jiyowa daga nisan kilomitoci. Duk wanda ya yi muku alkawarin lallai sai kun ga zaki, ya faɗi abin da ba a hannunsa yake ba.

Giwa ce abin sa rai. Kiyasin masu kula da dajin ya kama daga 100 zuwa 150, kuma suna cikin manyan garkunan da suka rage a ƙasar nan. Da rani, musamman da la'asar, akwai kyakkyawan zaton samun su a fadamar Gaji. Ina so ki sa yaran su lura da yadda ɗan jagora ke nemo su, domin rabin daɗin fitar a nan yake. Zai sa direba ya tsaya, ya leƙa ƙasa ya nuna muku sawu zagaye kamar faifai, ya duba ko gefensa bai rushe ba, alamar ba a daɗe da takawa ba. Zai nuna kashi mai ɗanshi da buzuzu ke ta mirginawa, da reshen da aka karya ɓawonsa bai bushe ba. Daga nan sai a kashe inji a kasa kunne. Duk girman giwa ba a jin takunta, ƙarar karyewar itace ake fara ji, sannan a ga toka-tokar bayanta tana motsi tsakanin bishiyoyi. A wannan lokaci ba a ihu, ba a miƙewa tsaye a ruɗe, ba a sauka daga mota. Idan uwa mai ɗa ta baza kunnuwa ta ɗaga kai ta fuskanci motar, gargaɗi take yi, kuma direban kirki zai ja da baya ko da hoto bai samu ba.

Waɗanda kusan ba a rasa su su ne gwambaza da mazo da gadu da birai. In an yi sa'a a gamu da garken ɓauna, ko gwanki mai lanƙwasassun ƙahoni, ko kanki. A kogi akwai dorina da kada. Tsuntsaye kuwa sun haura iri 350, har da burtu, wanda yaranmu na birni suka san sunansa ba su taɓa ganinsa yana taku ba. Yana damuna in ga mota ta wuce duk waɗannan ana cewa "ba mu ga komai ba" don kawai zaki bai fito ba.

Batun masauki. Daga Bauchi za ku kama hanyar Gombe, ku karya a Dindima ku nufi ƙofar shiga da ke Mainamaji. Daga ƙofar zuwa sansanin Wikki, inda masaukin baƙi yake, akwai tafiyar kilomita 40 da 'yan kai a cikin dajin kansa, don haka ku isa da sauran rana, ku yi tuƙi a hankali, dabba na iya tsallaka titi. Ku kira tun kafin ku taso ku tabbatar da ɗaki da farashi.

Yinin can a kan dabbobi aka tsara shi. Bayan asuba a sha shayi a fita zagayen safe tun rana ba ta yi zafi ba, tare da ɗan jagora, domin ba a shiga dajin babu shi. Kafin hantsi ya ɗaga dabbobi sun shige inuwa, ku ma ku dawo. Tsakar rana ta ruwan Wikki ce. Ana gangarawa da matakala, a tarar da ruwa garai-garai yana ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse, ana hango farin yashin ƙasansa, ɗuminsa kuwa digiri 31 ne dare da rana, rani da damina. Wajen bakin dutsen akwai zurfi, saboda haka ƙananan yara su tsaya ta ƙasa inda ruwan ya yi faɗi, babba na tare da su. Ke da 'yan matan, in kuna son sakewa, ku zaɓi lokacin da mutane suka ragu. Akwai kuma ɗan gidan tarihi mai ɗauke da hauren giwa da fatu da tarkunan da aka ƙwace daga mafarauta, sannan za a iya kai ku kogunan Marshall, ɗakuna 59 waɗanda mutanen zamanin baya suka sassaƙa a jikin dutse. Da la'asar a sake fita, a dawo gab da magariba.

Sai gwaggon biri, wanda shi ne zai fi ba ku aiki. Suna yawo a tsakiyar sansanin, sun saba da mutane, sun san leda, sun san abin da ke cikinta. Suna murɗa ƙofar da ba a kulle ba, suna zura hannu ta gilashin mota, kuma sun fi raina yara da mata. A kulle ƙofa da taga ko da fitar minti biyu ce. Kada yaro ya fito riƙe da biskit ko lemo. In biri ya fizge abu a bar masa, namijinsu yana da fiƙoƙi masu tsawo, ba a kokawa da shi. Kuma don Allah kada a ba su abinci don a ɗauki hoto: wannan ɗabi'ar ta baƙi ce ta koya musu ƙwace tun farko. Gadu ma yana kiwo a durƙushe kan gwiwoyinsa kusa da ɗakuna, a kalle shi daga nesa. Da dare a riƙe tocila, yara kuma kada su fita su kaɗai.

Kwana ɗaya ya yi kaɗan. Ku yi biyu, ta yadda za ku samu fitar safe da ta yamma fiye da sau ɗaya, domin garken da aka rasa yau ana iya samunsa gobe a wannan gaɓar. Ku riƙo ruwan sha mai yawa da hula da maganin shafawa na sauro. Wajen kogi akwai ƙudan tsando, cizonsa da zafi, kuma baƙi da shuɗi suna janyo shi, don haka a sa wa yara tufafi masu dogon hannu, ruwan ƙasa ko ruwan toka. Idan kuma alkawarin Agusta ba ya ɗaguwa, ku je, dajin yana kore shar, tsuntsaye sun cika shi, ruwan Wikki yana nan da ɗuminsa, amma a shaida wa yaran cewa wanka da kallon birai za a je, giwa kuma sai an dawo da rani.