Amsa ga Baffa a Kan Ɗokin da 'Ya'yan Zango Ke Yi wa Fim Ɗin Turawa

Baffa, bayan gaisuwa da fatan alheri, na ga saƙonku da kuke tambayar abin da ya sa jikokinku na unguwar Nima ta Accra suka cika waya da hotunan kore da ruwan hoda, har kuke cewa ko 'ya'yan zangon Accra sun bar Hausa sun koma Turawa. Tambayar ta cancanci amsa mai tsawo, domin abin da ke ba ku mamaki daga Kano yana da tarihi a nan.

Fim ɗin da suke wa ɗoki shi ne kashi na biyu na Wicked, wanda aka saki a watan Nuwamba na 2025. Asalinsa wasan dandali ne na waƙa da aka fara nunawa a Broadway, unguwar gidajen wasan dandali da ke birnin New York, a 2003, aka kai shi Landan a 2006, kuma sai bayan shekara 21 da farawarsa aka mayar da shi fim, inda kashi na farko ya fito a Nuwamban 2024 ya tsaya a tsakiyar labari. Labarin wasu ƙawaye biyu ne a wata ƙasa ta tatsuniya, ɗaya an haife ta da koriyar fata kowa na ƙyamarta, ɗayar kuwa 'yar gata ce mai son tufafi ruwan hoda. Cynthia Erivo, wadda ta fito a matsayin koriyar, a Landan aka haife ta amma iyayenta 'yan Najeriya ne, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa 'yan matanmu su ɗauke ta tasu.

Abin da nake so ku gane, Baffa, shi ne labarin da ake tsayawa a tsakiyarsa a rera waƙa ba baƙo ba ne a zango. Iyayenmu sun cika sinimar Dunia ta Nima suna kallon fina-finan Indiya ba tare da sun ji kalma ɗaya ta yaren ba, mu kuma mun tashi da kaset-kaset na Kannywood da fatake ke kawo mana, kuma ku kun fi ni sanin cewa waɗannan ba sa tafiya sai da waƙa. Akwai kuma na uku wanda ku ba ku da shi, wato wasan da mutanen Ghana ke kira concert party. Tun wajen shekarun 1930 'yan wasa ke yawo gari-gari tare da makaɗan kiɗan Ghana da ake kira highlife, a fara da kiɗa, a biyo da barkwanci, sannan a shiga wasa mai cike da waƙoƙi har dare ya raba, kuma maza ne suka daɗe suna fitowa a matsayin mata. A 1970 aka ɗauki wannan salo aka yi fim ɗin I Told You So da ɗan wasa Bob Cole, wanda har yau tsofaffi ke ambato, a shekarun 1990 kuma aka riƙa yin wasan a babban ɗakin wasanni na ƙasa ana watsawa a talabijin. Yaron da ya tashi a tsakanin waɗannan abubuwa, idan ya ji an ce za a mayar da wasan waƙa fim, kunnensa ya riga ya saba.

Ba dukan zango ne ke wannan ɗoki ba. Samarin da ke zaman shan shayin ataya a bakin lungu ƙwallo ce damuwarsu. Masu ɗokin yawanci 'yan sakandare ne da 'yan jami'a, mata sun fi yawa, kuma kuɗin tikiti a Silverbird ta Accra Mall da na motar haya ta tirotiro zuwa can ba kowane gida ne zai iya ba, shi ya sa suke tara kuɗin kashewarsu tun da wuri. Na ga yadda ɗiyata da ƙawayenta suka shiga kasuwar Nima ranar Laraba suka yanko yadi, suka zauna a shagon tela suna gardama a kan wace ce za ta sa koren hijabi, wace ce ruwan hoda, telan yana riƙe da almakashi yana jiran su gama.

Na san abin da ya fi tsaya muku a rai shi ne sinimar kanta da batun tsafi a cikin labarin. A Kano an daɗe ana kallon gidan sinima a matsayin matattarar 'yan iska, kuma mun ji yadda aka janye shirin gina ƙauyen fim na Kofa a 2016 bayan malamai sun nuna adawa. Mu kuwa ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi kusan kashi 20 ne cikin 100 na mutanen Ghana, 'ya'yanmu suna aji ɗaya da 'ya'yan ƙabilun Ga da Ewe da Asante, babu hukumar da za ta tace mana fim bisa ma'aunin addininmu, don haka tacewar a gida ake yin ta. A gidaje da yawa ƙa'idar ita ce a tafi da rana, a tafi a ƙungiya tare da yaya ko inna, a dawo kafin magariba, kuma ba a taɓa lokacin makarantar allo. Akwai malamanmu da ba su yarda da zuwan ba sam, kuma muna girmama ra'ayinsu. Ni dai na zauna na kalli kashi na farko da kaina kafin na ba da izinin na biyu, na ga sihirinsa irin na tatsuniyar Gizo ne, na kuma zaunar da yaran muka bambance tatsuniya da abin da addini ya haramta.

Abin da ya fi damuna daban ne. Yaran nan sun haddace waƙoƙin Turanci baiti-baiti, amma fim ɗin Hausa sai dai su leƙa shi a ƙaramin allon waya, su kaɗai, babu kwalliya babu rakiya. Idan kuna da hanyar isa ga masu shirya fim a Kano, Baffa, ku faɗa musu cewa unguwannin Nima da Mamobi da Madina da Sabon Zango cike suke da masu jin Hausa, kuma za mu sayi tikiti idan suka kawo mana nasu a babban allo.