Likita, me ya sa maganin da ya yi aiki bara ya ƙi ci bana?

Tambaya: Likita, an ce ɗana ya sake kamuwa da taifot, amma kafson da muka saba saya a kemis ya ƙi yin aiki. Ko jikinsa ne ya saba da shi? Daga wata uwa a Katsina.

Amsa: Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Idan da gaske taifot ne, ƙwayar cutar, wato bakteriya, ce ta sami makari, jikin yaron bai canza ba. Kowace bakteriya tana da babban zaren gado, galibi guda ɗaya a naɗe kamar zobe, shi ne kuromosom, kuma a nan tsarin rayuwarta yake. Ban da shi akwai ƙananan zobba da ake kira filasmid, sunan da masanin kimiyya Joshua Lederberg ya raɗa musu a 1952. Ki ɗauke su kamar laya: ƙwayar tana iya rayuwa babu su, amma idan ta rataya wadda ke karya magani, kafso ya zama banza. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ana ba da aron layar. Ƙwaya takan manne da maƙwabciyarta ta miƙa mata kwafi, ko da jinsinsu ba ɗaya ba ne. Ta wannan hanya taifot ɗin da ya ɓarke a Hyderabad ta Pakistan a 2016 ya gagari allurar seftiriyazon.

Ki daina sayen magani a kan zato. Gwajin Widal, wato gwajin jinin da aka saba yi don gano taifot, yana yawan ruɗin mutane, sau da yawa zazzaɓin cizon sauro ne. Ki kai shi asibiti a ɗibi jininsa a raini ƙwayar da ke ciki a ɗakin gwaji, a ga irin ƙwayar da maganin da zai kashe ta.

Tambaya: Ina kiwon kaji a Zariya, kullum ina zuba musu maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwan sha don rigakafi. Da matsala?

Amsa: Da matsala babba, Malam. Maganin yana kashe raunanan ƙwayoyi, masu filasmid su sami fili su hayayyafa, wasunsu cikin minti 20 sun ninka. Daga kashin kajin sai taki, sai lambu, sai cikin mutum. A 2015 an gano filasmid mai karya kolistin a aladun Sin, alhali maganin nan shi ake ajiyewa don majinyacin da sauran magunguna suka gagara. Ka tsaftace ɗaki, ka yi musu allurar rigakafi, magani kuwa sai likitan dabbobi ya rubuta.

Tambaya: Ni ɗaliba ce. Filasmid ba shi da wani amfani ke nan?

Amsa: Yana da shi, 'yata. Ana dasa guntun zaren gadon ɗan Adam mai samar da insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, a cikinsa, a saka wa bakteriya, ita kuma ta riƙa sarrafawa. Tun 1982 masu ciwon suga ke yin allura da irin wannan insulin.